Marga Klompé: 'Yar Katolikar da ta mayar da taimakon mabuƙata haƙƙi a Holan

A ranar 1 ga Janairu 1965 wata doka ta fara aiki a ƙasar Holan, wadda a harshensu ake kira Algemene Bijstandswet, wato dokar tallafi ta gama-gari. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne, duk ɗan ƙasar da ya kasa ɗaukar nauyin buƙatunsa na yau da kullum yana da haƙƙin samun tallafi daga hukumar garinsu, kuma idan aka hana shi yana da damar ɗaukaka ƙara. Matar da ta tsara wannan doka, ta kuma kare ta a majalisa har aka amince da ita a 1963, ita ce Marga Klompé, mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a tarihin ƙasar, kuma 'yar ɗariƙar Katolika mai riƙo da addininta. Ana yawan tunawa da ita saboda zamanta ta farko, amma a ganina abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda doka ɗaya ta sauya rayuwar tsofaffi da ta mata a lokaci guda, da yadda wadda ta kawo ta ta fito daga cikin cocin da ya fi kowa hannu a tsohon tsarin da dokar ta rushe.

Kafin wannan doka, dokar matalauta ta 1912 ce ke aiki, ita kuma ta gaji tsarinta ne daga ta 1854. Tsarin yana da matakai, kuma gwamnati ce a matakin ƙarshe. Wanda talauci ya kama zai fara komawa ga danginsa, idan ba su iya ba ya nufi asusun cocinsa ko wata ƙungiyar agaji mai zaman kanta, sai idan duk waɗannan sun gaza sannan hukumar gari ta duba lamarinsa, kuma ko a nan babu abin da ya wajabta mata ta ba shi wani abu. A wancan zamani al'ummar Holan ta kasu kashi-kashi bisa aƙida: 'yan Katolika da 'yan Furotesta da masu bin jam'iyyar ma'aikata da masu sassaucin ra'ayi, kowane rukuni da makarantunsa da jaridunsa da ƙungiyoyin ƙwadagonsa da gidan rediyonsa da asusun agajinsa. Katangun da ke tsakanin rukunonin suna da ƙarfi ƙwarai, domin ko a 1954 bishop-bishop na Katolika sun fitar da wasiƙa suna hana mabiyansu shiga ƙungiyar ƙwadago ta NVV da sauraron gidan rediyon VARA a kai a kai, saboda alaƙarsu da masu ra'ayin gurguzu. A irin wannan yanayi, wanda ke riƙe da asusun agaji yana riƙe da linzamin mai karɓa. Masu rabon taimako kan ziyarci gida su duba abin da ke ciki, su binciki halin mai gida da zuwansa coci, sannan su yanke shawara ko ya cancanci a tausaya masa. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman lada, kuma sun rufa wa dubban iyalai asiri, amma mai karɓa ya san cewa abin da aka ba shi yau ana iya hana shi gobe ba tare da an yi masa bayani ba.

Nauyin wannan tsari ya fi faɗawa kan tsofaffi da mata. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, idan ya nemi taimakon hukuma, hukumar tana da ikon bin 'ya'yansa ta karɓo kuɗin da ta kashe a kansa, ko da kuwa su ma da ƙyar suke ciyar da nasu yaran. Saboda haka iyaye da yawa suka gwammace su haɗiye yunwarsu da a aika wa ɗansu takardar biyan kuɗi da sunansu. Matar aure kuwa, har zuwa ƙarshen 1956 doka ba ta ɗauke ta a matsayin mai ikon ƙulla yarjejeniya da kanta ba, sai da izinin mijinta, kuma tun 1924 akwai umarnin da ya sa ake sallamar ma'aikaciyar gwamnati da zarar ta yi aure. Matar da ba ta da albashi, ba ta da ikon sa hannu, kuma asusun agajin da za ta nufa yana hannun cocin da bai yarda da rabuwar aure ba, ba ta da inda za ta je ko da zaman ya zame mata azaba.

An haifi Marga Klompé a birnin Arnhem a ranar 16 ga Agusta 1912. Mahaifinta yana da ƙaramar masana'antar takarda, mahaifiyarta kuma 'yar asalin Jamus ce. A shekarun 1930 mahaifin ya kamu da taɓin hankali, sana'ar ta durƙushe, gidan da ke cikin rufin asiri ya shiga ƙunci, don haka ta san abin da ake nufi da faɗawa talauci ba tare da laifin kowa ba. Tun 1932 ta fara koyarwa a makarantar 'yan mata ta Katolika mai suna Mater Dei a Nijmegen, tana koyarwar tana karatu a Jami'ar Utrecht, har ta sami digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a 1941, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da ƙasar. A shekarun mamayar ta shiga ƙungiyoyin turjiya na ɓoye, tana kai saƙonni da sunan bogi, tana kuma aiki da ƙungiyar mata 'yan sa-kai. Bayan yaƙi ta shiga jam'iyyar Katolika ta KVP, a 1947 aka sa ta cikin tawagar Holan a Majalisar Ɗinkin Duniya a daidai shekarun da ake tsara sanarwar haƙƙin ɗan Adam, wadda sashenta na 25 ya ambaci haƙƙin samun kariya a lokacin rashin aiki da ciwo da takaba da tsufa. A 1948 ta shiga majalisar wakilai, a 1952 kuma ta zama mace ta farko a majalisar ƙungiyar kwal da ƙarfe ta Turai, wadda daga ita Tarayyar Turai ta samo asali.

Matsayinta a kan haƙƙin mata ya fito fili a watan Satumba 1955. Wata 'yar majalisa daga jam'iyyar ma'aikata, Corry Tendeloo, ta gabatar da ƙudurin cewa bai kamata gwamnati ta hana matar aure aiki ba. Jagoran jam'iyyar Klompé a majalisa shi ne Carl Romme, wanda a 1937, lokacin yana ministan harkokin jama'a, ya taɓa shirya daftarin dokar hana matan aure aikin albashi, kuma Klompé tana cikin na kusa da shi a jam'iyyar. Duk da haka ta bi bayan Tendeloo, kamar yadda dukkan matan da ke majalisar suka yi ba tare da duba jam'iyya ba, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 46 a kan 44. Da tazarar ƙuri'a biyu kacal, ƙuri'ar kowace mace a zauren ta yi nauyi. A ranar 13 ga Oktoba 1956 aka rantsar da Klompé ministar ayyukan jin daɗin jama'a a gwamnatin Firaminista Willem Drees, Tendeloo kuma ta rasu bayan kwana biyar, ba ta ga ranar 1 ga Janairu 1957 ba, ranar da matar aure ta sami ikon sa hannu da kanta.

Ma'aikatar da aka ba ta ƙarama ce kuma sabuwa, domin a 1952 aka kafa ta, kuma yawancin aikinta raba kuɗin tallafi ne ga ƙungiyoyin agaji na rukunonin aƙida. Wato an damƙa mata ma'aikatar da ke kula da tsohon tsarin, kuma jam'iyyarta da cocinta suna cikin masu amfana da shi. Koyarwar Katolika kan zamantakewa tana da wata ƙa'ida da Fafaroma Pius na 11 ya fayyace a wasiƙarsa ta 1931, cewa abin da iyali ko ƙaramar ƙungiya za su iya yi da kansu bai kamata babbar hukuma ta karɓe shi ba. Masu kare dokar matalauta sun daɗe suna dogara da wannan ƙa'ida, suna cewa idan gwamnati ta ɗauki nauyin ciyar da mabuƙata, zumunci zai yi sanyi, sadaka za ta mutu, kuma ƙasa za ta kama hanyar gurguzu. Klompé ba ta yi watsi da ƙa'idar ba. Abin da ta yi shi ne ta raba lamarin gida biyu: kuɗin da mutum ke buƙata don ya ci ya sha ya biya haya, wannan haƙƙi ne, kuma hukuma ce kaɗai ke iya lamunce shi ga kowa ba tare da tambayar aƙidarsa ba, shawara da ziyara da kula da halin da iyali ke ciki kuwa, waɗannan za su ci gaba da zama a hannun coci da ƙungiyoyi, gwamnati tana tallafa musu. Da wannan rabo ta ba ƙungiyoyin abin da za su riƙe, ta kuma cire musu ikon hana mutum abinci. Ina ganin a nan gwanintarta ta siyasa take, domin da wani minista daga jam'iyyar ma'aikata ne ya kawo irin wannan doka, da wuya jam'iyyun addini su karɓe ta cikin sauƙi haka.

Hujjarta ta addini ma tana da tushe. Koyarwar Katolika ta daɗe tana bambanta adalci da sadaka, tana cewa abin da mutum ya cancanta bisa adalci ba a miƙa masa shi da sunan kyauta. A watan Afrilu 1963, a shekarar da majalisa ta amince da dokar, Fafaroma John na 23 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Pacem in Terris, inda ya lissafa kulawa a lokacin ciwo da takaba da tsufa da rashin aiki a cikin haƙƙoƙin ɗan Adam, ya kuma ambaci shigowar mata cikin harkokin jama'a a matsayin ɗaya daga cikin alamomin zamanin. Saboda haka Klompé tana iya tsayawa a gaban 'yan ɗariƙarta ta ce abin da take yi daga cikin addininsu ya fito. An kuma san ta da cewa tallafin bai kamata ya tsaya ga abin da zai hana mutum mutuwa ba, ya kamata ya isa har a iya ajiye fure a kan tebur, maganar da ake maimaitawa a Holan har yau idan ana muhawara kan adadin tallafi. A farkon shekarun dokar kowane gari shi ke ƙayyade nasa adadin, abin da ya jawo bambanci mai yawa tsakanin gari da gari, sai a 1974 aka kafa ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya.

Game da tsofaffi, adalci ne a ce ba ita ta fara ba. Drees ne ya kawo dokar gaggawa ta tallafin tsufa a 1947, sannan fanshon ƙasa na AOW ya fara aiki a 1957 ga duk wanda ya kai shekara 65. Amma fanshon farkon ba shi da yawa, kuma ba ya isar wanda ke buƙatar a kula da shi dare da rana. Dokar Klompé ce ta cike wannan giɓi, kuma ita ce ta sa hukuma ta daina bin manyan 'ya'ya tana karɓar kuɗin da ta kashe wa iyayensu. Wannan sashe ya fi kowanne wahalar yanke hukunci a kansa, kuma ba na ganin masu sukarsa a matsayin marasa tausayi. Suna da gaskiya cewa kula da iyaye wajibi ne a kan 'ya'ya, kuma idan doka ta janye hannunta daga wani wajibi, wasu za su ɗauka an yafe musu shi. Sai dai tsohon tsarin bai haifar da biyayya ga iyaye ba. Abin da ya haifar shi ne rigima tsakanin 'yan'uwa kan wa zai biya nawa, da surukai masu kallon tsohuwa a matsayin bashi, da iyayen da ke jin kunyar haɗa ido da 'ya'yansu. Ɗan da ya kai wa mahaifiyarsa abinci don ransa ya so, da ɗan da hukuma ta cire kuɗi daga albashinsa da sunanta, ba irin ziyara ɗaya suke kai mata ba. Klompé ta yi imanin cewa idan aka cire tilas ɗin kuɗi daga tsakanin iyaye da 'ya'ya, zumuncin zai fi samun wurin numfashi, kuma ina ganin ta fi masu sukarta fahimtar abin da tsohon da ba shi da komai yake ji.

A shekarar 1963 ɗin ta kuma kawo dokar gidajen tsofaffi. Kafin ita, kusan kowa na iya buɗe gida ya karɓi tsofaffi don riba, kuma an sha samun rahotannin cunkoso da rashin kula da cin dukiyar mazauna. Dokar ta ɗora wa hukumomin larduna alhakin sa ido kan tsafta da abinci da ma'aikata da kuɗin da ake karɓa. Da dokokin biyu suka haɗu, wato gida mai inganci da hukumar da za ta biya idan fansho bai isa ba, sai gine-ginen gidajen tsofaffi suka yawaita, har Holan ta shiga sahun gaba a Turai wajen yawan tsofaffin da ke zaune a irin waɗannan gidaje a shekarun 1970. Ga wanda ya fito daga ɗaki mai sanyi a saman benen ɗansa, samun ɗakinsa na kansa mai ɗumi babban ci gaba ne. Amma akwai abin da aka rasa, domin mutane masu sauran ƙarfi sun riƙa yin rajista tun da wuri don kada wuri ya ƙare, suka bar unguwanninsu da maƙwabtansu, tsufa ya koma wani abu da ake yi a keɓe. Tun a tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta fara taƙaita yawan gurabe saboda tsada da kuma wannan dalili.

Tasirin dokar tallafi a kan mata ya wuce abin da aka yi zato lokacin tsara ta. Da zarar matar da ta bar gidan miji da 'ya'yanta ta sami damar zuwa hukumar gari ta karɓi abin da za su rayu da shi a matsayin haƙƙi, rabuwa ta zama abu mai yiwuwa ga matar talaka, ba ga mai dukiya kaɗai ba. Da aka sassauta dokar saki a 1971, yawan rabuwar aure ya ƙaru sosai, kuma iyaye mata masu renon yara su kaɗai suka zama babban kaso na masu karɓar tallafin. Babu alamar cewa 'yar Katolika irin Klompé ta yi nufin sauƙaƙa mutuwar aure, amma ƙa'idar da ta kafa ba ta tambayar dalilin da ya jefa mutum cikin buƙata, kuma da ta sa wannan tambaya a cikin dokar, da ta dawo da binciken hali da ta yi niyyar kawarwa. Auren da yunwa kaɗai ke riƙe da shi ya riga ya lalace tun kafin doka ta buɗe ƙofa, kuma matan da suka fita daga gidajen duka da shaye-shaye a waɗannan shekaru suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar aikinta.

Duk da haka bai kamata a ɗora mata rigar da ba tata ba. Ba ta cikin 'yan gwagwarmayar mata masu zanga-zanga da suka bayyana a ƙarshen shekarun 1960, kuma hanyarta ita ce aiki daga cikin jam'iyya da ma'aikata, da horar da mata 'yan Katolika su shiga siyasa ta ƙungiyar muhawara da ta taimaka wajen kafawa bayan yaƙi. Dokar tata ma ta ɗauki iyali a matsayin abu ɗaya, tana auna buƙatar gida gaba ɗaya, don haka matar da ke zaune da miji mai albashi ba ta da wani haƙƙi nata na daban ko da ba ya ba ta komai. Doka ta ci gaba da kiran miji shugaban aure har 1970, kuma matar aure ba ta fara karɓar fanshon tsufa da sunanta ba sai a 1985, bayan umarnin ƙungiyar ƙasashen Turai kan daidaito. Ita kanta Klompé ba ta taɓa aure ba, kuma a zamanin da ake sallamar mace daga aiki ranar bikinta, wannan na cikin abin da ya ba ta damar kaiwa inda ta kai.

Ta sake zama minista daga 1966 zuwa 1971, a ma'aikatar al'adu da nishaɗi da jin daɗin jama'a, kuma da ta sauka aka ba ta muƙamin girmamawa na ministar ƙasa, wanda ba a taɓa ba mace ba kafin ita. Sauran shekarunta ta ba coci su. Ta yi aiki a hukumar adalci da zaman lafiya da Fafaroma Paul na 6 ya kafa a 1967, ta kuma jagoranci reshenta na Holan. Waɗannan shekaru ne na saɓani mai zafi tsakanin 'yan Katolikan Holan da fadar Vatican, bayan babban taron da suka yi a garin Noordwijkerhout daga 1966 zuwa 1970 inda aka tattauna ba mabiya da mata ƙarin murya, da kuma naɗin bishop-bishop masu ra'ayin riƙau a Rotterdam a 1970 da Roermond a 1972. Klompé tana ɓangaren masu son gyara, ba ta ɓoye damuwarta ba, amma ba ta bar cocin ba har rasuwarta a birnin Hague a ranar 28 ga Oktoba 1986. Abin da ta cim ma a gwamnati, na sa a ɗauki mace da mabuƙaci a matsayin masu haƙƙi, ba ta ga irinsa a tsarin shugabancin cocinta ba.

Dokar tata ma ba ta tsaya yadda ta bar ta ba. An sake rubuta ta a 1996, aka maye gurbinta a 2004, sannan a 2015 aka kawo dokar da ta ƙara tsananta sharuɗɗan neman aiki ga mai karɓar tallafi. A jawabinsa na 2013 Sarki Willem-Alexander ya bayyana matsayin gwamnati cewa duk mai iko ya ɗauki nauyin kansa da na makusantansa, kuma gyaran da aka yi wa tsarin kula da tsofaffi a 2015 ya sa an rufe gidaje da yawa irin waɗanda suka bunƙasa bayan 1963, aka bar gidajen jinya ga masu tsananin buƙata, sauran kuma ana sa ran su zauna a gida da taimakon dangi da maƙwabta. Akwai dalilai na gaske a bayan wannan sauyi, domin tsofaffi sun ƙaru, kuɗin kula da su ya hauhawa, kuma da yawansu sun fi son zama a gidajensu. Amma idan hukuma ta ce dangi su ɗauki nauyi, yawanci 'ya'ya mata da surukai mata ne ke rage awoyin aikinsu na albashi don yin jinyar, kuma abin da suka rasa a albashi yau zai rage musu fanshon wurin aiki idan nasu tsufan ya zo.